Muttaka Mai Fenti da Lungun Bayan Tasha

Shekaru da dama ni nake ɗaukar Malam Muttaka da bokitansa. Sunana Ɗanasabe, direba ne ni, a lokacin ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake jigila da ita tsakanin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Duk wanda ya daɗe a kan hanyar nan ya san shi: dogon mutum ne siriri, da hula wadda fenti ya ɗiɗɗige ta har ba a gane asalin launinta, da tsani a kafaɗa. Direbobi ba sa son ɗaukarsa, saboda warin fenti da kananzir yana kama buhunan mutane. Ni na ɗauke shi wata Alhamis zuwa kasuwar Shinkafi, ya zauna gaba, bai ce uffan ba har muka isa. Na ji daɗin haka, don ni ma ban cika son surutu a kan tuƙi ba. Daga nan muka saba. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani shi ya ba ni a hanya, guntu-guntu, a cikin shekaru.

Mutumin Katuru ne. Mahaifiyarsa, Nagoggo, ita ce mai yi wa matan garin shafen ɗaki. Takan ɗebo farar ƙasa da jar ƙasa daga bakin rafi, ta jiƙa, ta tace, ta shafa farar daga sama, jar kuma daga ƙasa, inda kaji da hannun yara suke kaiwa. Ya ce tun yana ƙarami ya lura ɗakin da ta shafe ya fi faɗi a ido, alhali ba a ƙara masa ko taki ɗaya ba. Da ya zama saurayi ya sauko Kaura neman aiki, lokacin jirgin ƙasa yana zuwa yana kwasar gyaɗa da auduga. A Kaura layin dogo ya ƙare. Ya fara da dako, daga baya ya shiga cikin masu fentin reluwe. A can ya tarar ba a shafa launi don kwalliya. Ja na nufin tsaya. Farin layi a bakin dandali na nufin kada ƙafarka ta wuce nan. Mutumin da bai iya karatu ba, da wanda ba ya jin Hausa, duk sun gane. Wannan abu ya zauna masa a rai.

Da zuwan jirgi ya yi ta ja da baya, aka sallami mutane da yawa, har da shi. Ya sayi buroshi da rola ya koma fentin gidaje da shaguna. Yana zaune a wani lungu bayan tasha, shi da matarsa Uwani, mutuniyar Kurya Madaro. Sun haifi 'ya'ya, amma ɗaya ce ta rayu, Rashida, ita ma wani ɗan kasuwa ya aure ta ya tafi da ita Maraɗi. Gidan ya zama daga shi sai Uwani. Ba shi da majalisa, ba shi da abokin hira. In ya dawo aiki ya yi wanka da kananzir da sabulu, ya tafi masallaci, ya dawo ya zauna kusa da ita tana tankaɗe ko tana gyaran wake.

A kasuwa ana yi masa laƙabi da Sai-na-duba. In ka kira shi aiki ka ce ga launin da kake so, ba zai ce to ba. Zai ce sai ya duba. Ya je ya zauna gaban bangon da hantsi, ya dawo da azahar, ya sake dawowa da la'asar, sannan ya yi magana. Na taɓa tsayawa a gefe a Shinkafi wani mai shagon atamfa yana ce masa yana son fari tas, mai ƙyalli.

Muttaka ya ce, "Alhaji, wanga shago shina kallon yamma. In munka sa fari mai ƙyalli, da la'asar mai saye ba shi iya ɗaga ido, balle shi ga atamfa. A sa ruwan madara, a bar ƙyallin ga ƙofa."

Alhajin ya ce shi fari ya gani a Kano, fari yake so. Muttaka ya ɗauki tsaninsa ya yi sallama. Haka ya yi ta rasa ayyuka. Kuma ba kullum yake da gaskiya ba. Akwai wani mai hatsi da ya lallaɓa ya yarda aka yi wa shagonsa ruwan toka mai duhu don kada dauɗa ta riƙa nunawa. Da bazara ta zo shagon ya zama kamar tanda, mutumin ya koma zama a waje. Muttaka ya je ya sake shafe shi, kuma bai ƙara sa launi mai duhu a bangon da rana ke duka ba.

Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara a shekarar 1996, gine-gine suka tashi ko'ina. Ofisoshi, shaguna, gidajen ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato. Kowa yana son sabon fenti. A lokacin ne muka fi yawo da shi, yau Zurmi, jibi Shinkafi. Yakan zauna yana kallon garuruwa ta tagar mota, wani lokaci ya girgiza kai. Na tambaye shi sau ɗaya abin da yake gani. Ya ce kowa na yi wa bangonsa fenti kamar shi kaɗai ne a titin, ba mai duba na maƙwabcinsa, ba mai duba launin ƙasar da gidan ke tsaye a kai. Ya ce ƙasar Zurmi da ta Shinkafi ba iri ɗaya ba ce, abin da ya zauna a can ba lalle ya zauna a nan ba. Ni dai ban ga bambancin ba.

A tsakanin nan ne idon Uwani ya fara ba ta matsala. Da fari zaren allura ya gagare ta. Daga baya ta fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidanta. Ni na kai su tasha ranar da suka tafi ganin likitan ido a birni, ni na ɗauko su da suka dawo. Muttaka ya ce an faɗa musu ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali. An ba ta maganin ɗigawa, an ce zai rage gudun abin, amma ba zai dawo da wanda ya tafi ba. Uwani tana bayanmu a zaune, ta ce, "Allah Shi ya ba ni, na kuwa mora."

Bayan an ƙaddamar da Shari'a, wani tsohon otal da ke can ƙarshen unguwarsu ya tashi daga aiki, mai shi ya bayar da ginin aka mayar da shi Islamiyyar matan aure. Muttaka aka kira ya yi fentin. Ya kankare tsofaffin zane-zanen da ke bango, ya yi wa azuzuwan launi mai haske, bangon da allo yake kuma ya ɗan rage masa haske don kada ido ya gaji. Matan unguwa suka fara tafiya da hantsi, manya da ƙanana. Uwani ta haura hamsin a lokacin, kuma ba ta taɓa zama gaban malami ba tun tana yarinya. Ta ce tana so ta je. Ba ta ganin rubutu, amma ta ce kunnenta lafiya lau, hadda take so.

Matsalar ita ce hanya. Daga gidansu zuwa makarantar ba nisa, amma lungu ne mai kwana-kwana, kuma duk katangun ƙasa ne, launi ɗaya. Ga mai ido ba komai ba ne. Ga Uwani kuwa, ta ce duk abin yana haɗe mata kamar ta shiga cikin kunu. Maƙwabta sun raka ta a farko, amma kowace da hidimarta, wata ta makara, wata ta manta. Uwani mace ce mai jin nauyin roƙo. Sai ta fara cewa yau ba ta jin daɗin jikinta.

Wata safiya na je ɗaukarsa za mu Zurmi, na tarar da wani abu a ƙofar gida. Ya yanyanka tsohon kwanon rufi, ya shafa wa kowane yanki launi daban, ya jingina su a jikin katanga. Uwani tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bakin zaure, ya matsa can nesa yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Uwani, mi kika gani?"

"Ban ga komi ba, Malam."

Jan ne a hannunsa. Ya ajiye, ya ɗaga kore.

"Wani abu baƙi-baƙi," in ji ta.

Ya ɗaga shuɗi mai haske. Ta ce tana ganin kamar ruwa. Da ya ɗaga rawaya, irin ruwan ɗorawa, ba ta jira ya tambaya ba. Ta nuna da hannu, ta ce, "Wanga dai na gan shi sarai." Har ta yi dariya. Ya ƙara ja da baya, ta ce har yanzu tana gani. Ya juyo ya ce mini in tafi kawai, yau ba shi zuwa Zurmi.

Ya fara da gida. Ya yi wa ƙofa rawaya. Ya ja farin layi a bakin dakali da bakin rijiya, ya yi wa randa gindin shuɗi. Sannan ya bi maƙwabta gida-gida, shi da bai saba shiga harkar kowa ba, yana roƙon a bar shi ya shafa launi a kusurwar katanga. Inda za a juya in ana tafiya makaranta ya sa rawaya, daga ƙasa har tsayin kafaɗa. Inda akwai kwata ko rami ya sa shuɗi. Bai yi abin da gaggawa ba, bai kuma yi shi kamar alamar asibiti ba. Ya bi gefen da kyau, ya daidaita faɗin, a wasu wuraren ya ƙara ɗan siririn layi fari a sama don abin ya zauna da jar katangar. Mafi yawan mutane suka yarda. Wani dattijo guda ya ƙi, ya ce katangarsa ba allon makaranta ba ce. Muttaka bai ja da shi ba, ya kafa wani guntun ƙarfen dogo a gefen hanya ya shafa masa launin.

Ranar da ta fara tafiya ita kaɗai ya bi ta daga nesa ba ta sani ba. Ya ce mini ya ga ta tsaya a kowace kwana, ta ɗaga kai, ta nemi rawayar, ta juya. Da ta shiga makarantar ya tsaya a waje ya rasa abin da zai yi da kansa, sai ya tafi masallaci ya zauna.

Wannan shekarar ita ce na fi ganinsa cikin walwala. A mota yakan ba ni labarin inda ta kai a hadda. In ta dawo takan biya masa abin da aka koya musu, in ta yi kuskure ya gyara, in shi ya yi ta gyara. Ta fara zuwa injin niƙa da kanta, ta fara zuwa barka da gaisuwar rashi. Mutanen unguwa ma suka ɗauki launukan suna kwatance da su. Sai ka ji an ce wa baƙo, in ka kai kwana mai rawaya ta biyu ka tambaya. Wasu mata biyu daga wani lungun suka aiko a yi musu irinsa.

Sai maganar buɗe sabon masallacin unguwa ta taso. An daɗe ana gininsa da gudummawar jama'a, kuma za a yi babban wa'azi, baƙi za su zo daga garuruwa. Kwamitin unguwa ya zauna ya yanke cewa duk katangun da ke hanyar masallacin, har lungun su Muttaka, a shafe su fari, da koren layi a ƙasa, don wurin ya yi tsaf. Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Jaji, mai sayar da taki, mutum mai son jama'a wanda ya fi kowa wahala a kan ginin. Shi ya aika aka kira Muttaka, tunda shi ne mai fentin unguwa. A motata aka ɗauko farar ƙasar da galan-galan na kore, don haka ina wurin.

Muttaka ya saurara har aka gama. Ya ce, "Alhaji, fari da kore suna da kyau. Amma ina roƙon a bar kusurwoyin nan yadda suke. Iyalina da su take gane hanya."

Alhaji Jaji ya ce, "Malam Muttaka, wallahi na sani, kuma Allah Shi ba ta lahiya. Amma ka duba, baƙi na tahe. In sunka ga nan rawaya, nan shuɗi, sai a ce ba mu da tsari. Jama'a sun riga sun yanke. Ƙofarka dai ka bar ta. Bayan taro sai mu gani."

"Farar katanga da rana tsaka ko mai ido tana kashe mishi gani, Alhaji."

"Na 'yan kwanaki ne. Mata sai su riƙa kama mata hannu, ai lada ce."

Muttaka ya dubi sauran 'yan kwamitin, ba wanda ya ɗago kai. Na ɗauka zai ɗauki tsaninsa ya yi sallama kamar yadda ya saba. Bai yi ba. Daga baya ya ce mini aikin masallaci ne, kuma in ya ƙi, wani za a kawo ya watsa farar ƙasa har kan ƙofofin mutane. Shi da hannunsa ya shafe rawayar. Sai da ya yi mata shafi uku kafin ta daina leƙowa ta ƙarƙashin farin. Ya yi aikin da kyau, koren layin ya miƙe kamar an ja da zare. Ranar taro kowa ya yaba, kuma gaskiya unguwar ta yi kyau.

Ya faɗa wa Uwani ta dakata da fita har sai ya san abin yi. Ta ce to. Amma bayan taron, wata rana ya tafi aiki Shinkafi, maƙwabciyar da ta yi alkawarin biyo mata ba ta zo ba, kuma ranar ce za a saurari haddarsu. Ta jira, ta jira, sai ta ɗauki hijabinta ta fita. Ta ɗauka ƙafarta ta riga ta san hanya.

Ni na tsince ta. Wajen azahar na bi ta bayan tsohuwar tashar jirgi zan sauke wa wani mutum siminti, sai na hango mace zaune a gindin dalbejiya kusa da wasu tsofaffin taragu, ita kaɗai, ba gida kusa. Na wuce, sai zuciyata ta ce in koma. Takalminta ɗaya ya tsinke, ƙafarta duk caɓo, ta riƙe jakar littafinta a ƙirji. Na yi sallama.

"Inna Uwani, ni ne Ɗanasabe. Mi ya kawo ki nan?"

Ta juyo wajen muryata. "Ɗanasabe? Ina ne nan?"

Na faɗa mata. Sannan ta ce tun da ta fito komai fari ne, dama fari, hagu fari, hasken yana sokar idonta har hawaye. Ta yi kwana inda take zaton kwana ce, ta faɗa kwata, ta tashi, ta ci gaba. Ta ji mutane suna wucewa amma ta ji kunyar ta ce ta ɓata a unguwar da ta yi shekara talatin. Da ta daina jin muryoyi sai ta zauna. Na ce ta shiga mota. A hanya abu ɗaya ta roƙe ni, kada in faɗa wa Malam. Na ce mata ba zan iya ɓoye masa ba.

Da yamma na same shi a tasha ya sauko daga wata mota, na faɗa masa. Ya ajiye bokitinsa a ƙasa ya tsaya. Bai zagi kowa ba, bai ambaci sunan kowa ba. Ya tambaye ni ko ta ji ciwo, na ce ƙujewa ce kawai. Ya ce, "Na gode," ya ɗauki bokitin ya tafi.

Labari ya kai wa Alhaji Jaji. Washegari ya zo har gida, ya tsaya a zaure ya ba da haƙuri, ya ce a mayar da launukan yadda suke, shi zai sayi fentin. Muttaka ya mayar. Ya ma ƙara faɗinsu. Da ya gama ya shiga ya ce mata ta zo su gwada. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana duban lungun. Ya ce, "Ga ta can, kin gan ta?" Ta ce tana gani kaɗan. Ya ce to su tafi, yana gefenta. Ta yi 'yan taku, ta tsaya, ta kama hannun rigarsa.

"Malam, bar shi. Ƙahwata ba ta yarda."

Ya yi ta lallashi kwana da kwanaki. Wani lokaci takan yarda ya kai ta makarantar da kansa kafin ya wuce aiki, amma aikinsa na garuruwa ne, ba kullum yake nan ba. Ganin nata kuma ya ci gaba da raguwa, ko da abin nan bai faru ba da haka za ta kasance. A hankali ta daina zuwa. Malamarsu takan leƙo ta jefi-jefi ta biya mata, daga baya ita ma aka yi mata canjin wuri. Uwani ta koma tsakar gida. Muttaka ya rage karɓar aikin nesa. Ya koyi dafa tuwo, abin da bai taɓa yi ba, tana zaune tana faɗa masa lokacin da zai zuba gari daga jin ƙarar tukunya. In na je ɗaukarsa nakan ji ta daga zaure tana maimaita surorin da ta samu, a hankali, ita kaɗai.

Damina biyu bayan haka ta rasu, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Rashida ta zo daga Maraɗi, ta yi zaman makoki, ta roƙe shi ya bi ta. Ya ce yana da sauran ƙarfi, kuma bai san kowa a can ba. Ta yi kuka ta tafi.

Daga nan shirunsa ya ƙaru. Yakan fito tun da sassafe ya zauna a tasha ko da ba shi da aiki, don dai kada ya wuni a gidan. Abinci a wajen mai tuwon bakin kasuwa yake ci, a tsaye. Samari masu fenti sun yi yawa a lokacin, suna da sauri, ba sa musu da mai gida, don haka aikin da ke zuwa masa ya ragu. Waɗanda suke nemansa su ne masu haƙurin jira. Wani ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti wajen Jangeru ya ji labarin lungun, ya kira shi. Mutanen ƙauye da Fulani suna zuwa, ba su karanta allon da ke kan ƙofofi, suna ta shiga inda ba nan ba. Muttaka ya duba, ya yi wa ƙofar karɓar magani launi ɗaya, ta awon ciki wani, ta allurar yara wani, ya ja layin kowane launi a jikin bango tun daga bakin shiga. Ni na kai shi, ni na ɗauko shi. A hanyar dawowa na ce masa aikin ya yi kyau. Ya ce, "Ya yi." Can kuma, mun kusa Shinkafi, ya ce da a da ne, da ya samu wanda zai ba labarin in ya koma gida.

A Zurmi ya faɗo. Yana fentin gaban wani bene, ƙafar tsanin ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya zo ƙasa ta gefen ƙugu. Aka kai shi wajen mai ɗori, ƙashin ya kama amma a karkace. Ba hawa tsani kuma. Ya yi watanni a kwance a gidan nan shi kaɗai, maƙwabta suna aiko da abinci, Alhaji Jaji yana leƙowa duk Juma'a. Ni ma nakan biya in na sauke kaya. Ba ma wata doguwar magana. In zauna, ya tambaye ni hanya, in ce lafiya, in tashi.

Wannan karon da Rashida ta zo da mijinta bai yi gardama ba. Ya raba buroshinsa da rolarsa ga masu so, tsanin ya ce a ba masallaci don canza ƙwan fitila. Ni na ɗauke su zuwa Shinkafi inda za su samu motar da za ta tsallaka da su. Kayansa duka jaka ɗaya ce da buta da sanda. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in yafe masa warin da ya sa wa motata.

Na je Maraɗi sau ɗaya bayan nan, na kai kayan wani, na nemi gidan. Suna kula da shi sosai, an ba shi ɗaki mai kyau, jikoki suna shiga suna fita. Na same shi a kan tabarma a inuwar zaure, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, hannayensa sun yi tsabta yadda ban taɓa ganinsu ba. Ya ce mutanen kirki ne, amma ba wanda ya san shi da wata sana'a a nan, Baba kawai ake ce masa. Ya tambaye ni mutanen Kaura ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ban taɓa zaton ya san sunansu ba, mai shayi, mai faci, ladan. Na faɗa masa waɗanda suke nan da waɗanda suka riga mu. Da na tashi tafiya ya dogara sandarsa ya rako ni har bakin titi, ya tsaya a wurin har na yi kwana.

Rasuwarsa ba mu ji ta a kan lokaci ba. Wani direban Maraɗi ne ya faɗa mini a tashar Shinkafi, a tsakiyar wata hirar daban, ya ce ai surukin wane ya rasu tun kafin azumi. Na koma Kaura na faɗa wa Alhaji Jaji, ya sa liman ya sanar bayan sallar la'asar, aka yi masa addu'a. Wasu daga cikin matasan da ke sahu suka tambayi wane ne, aka ce musu wani mai fenti ne da ya zauna a bayan tasha. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Inna Uwani.